Ka Gaya Wa Matarka Kafin Masu Bashi Su Gaya Mata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamin sakandare ne a nan Kano, shekaruna 39, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, mu bakwai. Tun da mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce komai ya dawo kaina: abincin Inna a ƙauye, maganinta na hawan jini, da kuɗin makarantar ƙannena biyu da ke jami'a. Bara aka aurar da ƙanwata, ni na yi kayan ɗaki. Albashi bai kai ba, sai na ci bashi a wata manhajar rance ta waya. Da lokacin biya ya yi, na ci a wata na biya ta farko. Yanzu guda huɗu ke bina, kuɗin ya haura naira dubu 600, albashina kuwa dubu 140 ne. Har ragon layyar bana da bashin na saya. Matata ba ta sani ba, Inna ma ba ta sani ba. A waje kowa yabona yake yi, ana cewa Allah Ya ba Inna ɗa. A gida kuwa na zama wani mutum daban, abu kaɗan sai tsawa. Makon jiya ɗana mai shekara 9 ya tambaye ni kuɗin jarrabawa ina tsakiyar karanta saƙon barazana daga masu bashi, na kwaɗa masa mari. Tun ranar, da ya ji ƙarar babur ɗina sai ya shige ɗaki. Da dare ba na barci, ina ta latsa waya har ƙarfe biyu, asuba ta wuce ni. Ni da nake sahun farko, yanzu kunyar ɗaga hannu nake in roƙi Allah, don na san da kaina na shiga bashi mai ruwa. Wani lokaci har ji nake da ma in kwanta kada in farka. Hajiya, ni munafuki ne? Ta ina zan fara?

Wani bawan Allah, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ƙanina, kafin mu taɓa maganar kuɗi, akwai abin da ka faɗa can ƙarshe da ba zan tsallake ba, inda ka ce da ma ka kwanta kada ka farka. Mutumin da ya yi watanni ba ya samun barci, zuciya kullum a tsaye, yana iya kaiwa nan, kuma ciwo ne da likitoci suka sani suke kuma maganinsa. Cikin makon nan ka je asibiti a gwada jininka, tunda ga Inna ma da hawan jini, sannan ka faɗa wa likita wannan jimlar yadda ka rubuto mini ita, kada ka sassauta ta. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma mafi yawan masu zuwa can mutane ne irinka, da rigarsu da hularsu, damuwa ce ta yi musu yawa. In kuwa wani dare tunanin ya wuce fata ya fara zama shiri, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka tashi matarka, ko ka kira amininka ko da ƙarfe uku ne. Wannan roƙo nake yi maka.

Sai tambayarka. A'a, kai ba munafuki ba ne. Munafuki asuba ba ta damun sa in ta wuce shi, kuma ba ya zama ya rubuta doguwar wasiƙa saboda ya mari ɗansa. Amma akwai wani hadisi da nake so ka tsaya a kansa. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga zunubi da bashi a cikin sallarsa. Aka ce masa, me ya sa kake yawan neman tsari daga bashi haka? Ya ce, mutum in ya ci bashi, zai yi magana ya yi ƙarya, zai yi alkawari ya saɓa. Ka lura, waɗannan biyun suna cikin alamomi uku da ya lissafa na munafuki a wani hadisin. Wato abin da kake ji a ranka yana da tushe. Bashi ne yake jan ka zuwa ɗabi'un da ba naka ba, kuma zuciyarka ta gane tun kafin ka iya ba abin suna. Ƙaryar farko da ya sa ka yi ita ce shirun da ka yi wa matarka.

Ba zan ɗora maka laifin tsadar rayuwa ba. Kowa ya san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu a 2024, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar ta 2024, mafi ƙarancin albashin da aka mayar dubu 70 a watan Yuli kuwa tun kafin ya iso hannu kasuwa ta cinye shi. Malamin makaranta mai ciyar da gida biyu dole ya ji a jikinsa. Sai dai abokan aikinka da kuke zama ɗakin malamai ɗaya, su ma wannan ranar ce take dukan su, kuma ba dukansu ne manhaja huɗu ke bi ba. Abin da ya kai ka can, a fahimtata, kalma ce guda da ta gagare ka furtawa: ba ni da shi. Ka saba jin "Allah Ya ba Inna ɗa", magana ce mai daɗi, kuma ka cancance ta shekaru da yawa. Da aljihu ya gaza, sai ka ci gaba da sayen wannan yabon da kuɗin ruwa.

Mu Hausawa muna yawan roƙon Allah Ya rufa mana asiri, amma da yawanmu mun karkatar da ma'anar. Rufin asiri shi ne ka ci abin da kake da shi, ka kwana ba ka miƙa wa kowa hannu ba. Mun mai da shi a ɗauka kana da abin da ba ka da shi. Shi ya sa ake cin bashi a yi gado da kujeru da labule na gani na faɗa don kada dangin ango su yi magana, a ci bashi a ɗaure rago a ƙofar gida don kada maƙwabta su ga babu. Alhali malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa layya sunna ce ga wanda kuɗinta ba zai cutar da buƙatunsa na dole a shekarar ba. Kai a bana ba ka cikin waɗanda aka nema da ita. Da ka sayi kilo biyu na nama ka kai gida, da babu abin da ya ragu daga addininka.

Ga kuma inda abin ya fi zafi. Na waje suna shan inuwarka, na gindinka suna shan rana, ka zama inuwar giginya. Fara'a da haƙurin da kake da su kaɗan ne yanzu, ka san haka, kuma kana rarraba su a makaranta da masallaci da wayar 'yan'uwa, ka iso gida ba ko ɗigo. Annabi (SAW) ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi alheri ga iyalinsa. Ma'aunin ke nan, kuma ba a ƙofar gida ake auna shi ba, sai an shiga ciki.

Don haka inda za ka fara shi ne ɗakin matarka, kuma cikin kwanakin nan. Bari in ba ka labarin gidana. A shekarun da masaƙu suka yi ta rufewa a Kano da Kaduna, maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana aiki a ɗaya daga cikinsu. Aka fara biyan su rabin albashi, daga baya ma aka daina. Bai gaya mini ba. Amma na ga ya bar shan shayin dare, wai yana ɓata masa ciki. Na ga agogon hannunsa ya ɓace, ya ce yana wurin mai gyara. Na ga ledar cefane tana ƙanƙancewa, kuma in zai miƙo mini ita ba ya kallon idona. A lokacin ina da kuɗin adashe da na kwasa, suna cikin gwangwanin madara a ƙasan kwalla. Wata biyar ina juya yadda zan ba shi ba tare da na karya masa zuciya ba, shi kuma wata biyar yana juya yadda zai ɓoye mini. Muna kwana ɗaki ɗaya kowa da nasa dutsen a ƙirji. Na jure miya ba nama, wannan ba komai ba ne. Abin da ya yi ta ci mini rai shi ne mutumin da na haifa wa 'ya'ya ya mai da ni baƙuwa a cikin damuwarsa.

Ranar da ya faɗa, bayan isha'i ne, ba wuta, muna zaune a tabarma a tsakar gida. Fitilar ƙwai ya kafa wa ido yana magana har ya gama. Na ce masa, ai na sani tun ranar da agogo ya tafi gyara. Ya yi shiru mai tsawo. Daren nan ya yi barcin da rabonsa da shi tun kafin damina, sai da na tashe shi sallar asuba. Talaucin bai tafi washegari ba, mun kai kusan shekara biyu a ciki, na fara ƙulla zoɓo da kunun aya yara na kai wa shago. Amma tsawa ta bar gidan.

Ban san matarka ba, kuma mata suna suka tara. Sai dai ka rubuto doguwar wasiƙa ba ka kawo ƙorafi ko ɗaya a kanta ba, ga shi tana shan tsawa wata da watanni ba ta yi yaji ba. Kuma ina so ka tsaya a matsayinta na minti ɗaya. Mijinta ya daina hira, yana manne da waya har biyun dare, in ta matso ya kife ta, in an kira shi ya fita waje ya amsa, kuɗin cefane ya ragu, rai kullum a ɓace. Wallahi mace goma in ka tambaya, tara za su ce aure yake nema ko wata ce a waje. Mai yiwuwa ita ma ba ta barci, tana kuka a kan abin da babu shi. Gaskiyar da kake tsoron faɗa mata ta fi abin da take zargi sauƙi.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Irin waɗannan manhajoji, da yawansu sun kwashi lambobin da ke wayarka tun ranar da ka danna amincewa, kuma an sha ganin suna tura saƙo ga mata da surukai da shugabannin aiki suna kiran mutum ɓarawo. In ta wannan hanyar ta ji, ciwo biyu za ta ji, na bashin da na cewa bare ya riga ta sani. Ka zaɓi daren da ba ku yi faɗa ba, yara sun yi barci. Ka zo da takarda da ka rubuta kowane bashi da adadinsa. Ka fara da cewa akwai abin da ka ɓoye mata, shi ya sa ta ga ka canza, kuma ba laifinta ba ne. Sannan ka faɗi adadin duka. Kada ka ce dubu 300 don ka rage mata firgici, ragowar za ta fito, kuma daga ranar ba za ta ƙara yarda da lissafinka ba. Tana iya yin fushi, musamman in ta tuna abin da ta nema ka hana alhali kana yi wa ƙanwarka kayan ɗaki. Ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta, tana da haƙƙi. Kada kuma ka kalli 'yan kunnenta na gwal ko kuɗin adashenta. Dukiyarta tata ce. In ta kawo da kanta, ku rubuta shi a matsayin rance, ka kuma biya.

In wani ya ce maka namiji ba ya kai wa mace kukansa, ka tuna wurin wa Annabi (SAW) ya nufa da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa. Wurin Nana Khadija ya je, ya ce mata yana tsoro a kan ransa, ita ce ta kwantar masa da hankali ta kai shi wurin Waraƙa.

Maganar Inna ta fi wuya, na sani, don kai ɗan fari ne. Wataƙila ko sunanka ba ta faɗa, ba ta zama hira da kai, balle ta tambaye ka yaya aljihu. Wannan alkunyar tana da kyawunta, amma ita ce ta sa ɗan fari a ƙasar Hausa yake iya nutsewa uwarsa ba ta sani ba. Ita tana kara ba ta tambaya, shi yana kunya ba ya faɗa, saƙo kuma yana ta zuwa ta bakin ƙanne: Inna ta ce a turo kaza, Inna ta ce a turo kaza. Sau nawa ka ji daga bakinta da kanta? Ka nemi kawunka ko wata gwaggo da Inna ke sakewa da ita, ka fara yi musu bayani, sannan ku je tare. Ba sai ka zayyana mata komai ba saboda jininta, ya isa ta san cewa bashi ya hau ka kuma za ka rage hannu na wani lokaci. Ban taɓa ganin uwar da za ta ci nama da daɗi ba in ta san da kuɗin ruwa ɗanta ya sayo shi. Addu'ar da za ta yi maka in ta san halin da kake ciki daban take da wadda take yi yanzu tana zaton kana cikin yalwa.

Ku bakwai ne. Ciyar da uwa mabuƙaciya wajibi ne a kan duk 'ya'yanta masu hali, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba a rubuta shi a goshin ɗan fari shi kaɗai ba. Ɗaukar nauyin ƙanne kuwa, a mazhabar Malikiyya, zumunci ne da kyautatawa mai lada, bai kai wajibin matarka da 'ya'yanka da Inna ba. Ban ce ka yasar da su ba. Cewa nake ka san abin da ke gaba da abin da ke biye. Allah Ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi, Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da Ya ba shi. Kai ka ɗora wa kanka abin da Ubangijinka bai ɗora maka ba.

Ka tara su, ko a zaure ko a waya. Ba ka ambaci gona ba, amma da wuya gidan ƙauye a rasa gonar gado. Wa yake noma ta, kuma ina amfanin yake zuwa? In akwai, hatsin Inna ya fito daga nan, kai ka riƙe magani da ɗan abin cefane, a yanka adadin da kowa zai kawo duk wata ko da dubu biyu ce. Ƙannenka na jami'a kuma, in ta gwamnati suke yi, su nemi rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a cikinsa, su kuma nemi abin yi a lokacin hutu. Za a yi gunaguni. Wani zai ce Yaya ya canza, wata za ta ce matarsa ce ta mallake shi. A nan sai ka tsaya tsayin daka ka wanke ta a gabansu, ka ce ba ta ma san da bashin ba sai kwanan nan. Kada ka bari ta biya kuɗin gyaran da kake yi.

Shi kansa bashin, dokar farko ita ce daga yau ba ƙari. Cin sabo don a biya tsoho shi ne ya kai ka huɗu, kuma shi zai kai ka takwas. A takardar nan ka raba uwar kuɗi da ruwa da tarar jinkiri, ka ga nawa ka karɓa a hannu da gaske, don galibi tun wurin bayarwa suke zaftare wani abu. Ka shiga saitin wayarka ka toshe musu damar ganin lambobi da hotuna. Ka rubuta musu cewa za ka biya kaza duk wata, ka ajiye shaidar duk abin da ka tura. In sun zage ka ko sun tura wa mutanenka saƙon ɓatanci, ka ɗauki hotonsa ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista, kuma tana karɓar irin wannan ƙorafin.

Hanyar da ta fi saurin kashe wutar ita ce ka sami rance marar ruwa ka rufe su gaba ɗaya, ka koma biyan mutum ɗaya a tsanake. Ka duba ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikatanku in tana bayarwa ba ruwa, ko wani amini mai hali, ko dattijon unguwa da ya san mutuncinka. Ku rubuta da shaidu, yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni. Kada kunya ta hana ka, bashi hanji ne yana cikin kowa. Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Ka sani kuma waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aka ambata a ayar zakka, Tauba aya ta 60. Ka sami malamin fiƙihu ka gaya masa halinka dalla-dalla, ya faɗa maka matsayinka a nan da kuma hukuncin ruwan da ake bin ka. Abin da za a iya sayarwa a sayar, ban da babur, don shi ne ƙafarka. Kai malami ne, ga ɗaliban WAEC da NECO da JAMB suna neman mai koya musu da yamma. Ɗalibi goma a zauren wani maƙwabci za su rage maka wani abu duk wata.

Yanzu yaron nan. Ya fi tsaya mini a rai fiye da dubu 600 ɗin. Me ya yi? Kuɗin jarrabawa ya tambaya, abin da malaminsa ya aiko shi da shi, wataƙila ma sai da aka tsayar da shi a gaban aji. Ya zo wurin wanda ya kamata ya zo, ya samu mari. Darasin da ya ɗauka shi ne in kana da buƙata ka yi shiru, in kana cikin matsala ka ɓoye. Ka ga, ciwon da ke cin ka ne ka fara koya masa yana shekara tara. Kai da kanka ka san irin ɗalibin nan da ke zama can bayan aji, ba ya tambaya, ba ya ɗaga hannu, kuma ka san yawanci daga gida abin yake farawa.

Iyayenmu maza ba su saba ba ɗa haƙuri ba, sai dai su sayo masa tsire a wuce wurin. Ni ina ganin tsire bai isa ba a nan. Ka kira shi ku biyu kawai, ka ɗora shi a babur ku je sallar magariba, a hanyar dawowa ka tsaya wani wuri ka ce masa: abin da na yi maka rannan ban kyauta ba, ba ka yi laifi ba, raina ne a ɓace da wani abu daban, kuma duk ranar da aka ce ka kawo wani abu a makaranta ka zo ka gaya mini. Sannan ka ba shi kuɗin jarrabawar a hannunsa, ko da rabi ne, ka ce ga ranar da za ka cika. Ba lalle ya ce komai ba, yara ba sa amsa irin wannan da baki. Girmanka kuma ba zai ragu ba. Sauran ukun ma suna kallo, har da wadda kake ganin ba ta da wayo. Ka ɗauki wata al'ada: in ka iso ƙofar gida ka kashe babur, ka sa waya a aljihu, ka tsaya ka yi numfashi, ka yi addu'ar shiga gida, ka yi sallama da murya mai taushi. Saƙon masu bashi kada ka ƙara buɗe shi a tsakar gida. Ka ware masa lokaci a wurin aiki.

Kunyar da ka ce kana ji ta ɗaga hannu, ka yi hattara da ita. Tana kama da tsoron Allah, amma aikin da take yi shi ne nisanta ka da Shi, kuma duk abin da ke hana bawa komawa ga Ubangijinsa bayan ya yi laifi, ka san daga inda ya fito. Laifi ɗaya ne ka yi, ka shiga bashi mai ruwa. Kada a ƙara maka na biyu, a raba ka da sallah da addu'a. Aya ta 53 a Zumar da waɗanda suka yi wa kansu ɓarna take magana, su aka ce kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Tubanka shi ne nadamar da ka riga ka yi, da dainawa, da ƙoƙarin fita. Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce yana yawan jin sa yana cewa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal. Neman tsari ne daga damuwa da baƙin ciki, da gazawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ka riƙe ta safe da yamma.

Asuba kuwa tun ƙarfe goman dare ake kama ta. Latse-latsen nan da kake yi har biyu, gudun tunani ne, kuma ba ya maganin komai, sai ma ya ƙara nuna maka gidaje da motocin waɗanda ba ka san nasu bashin ba. Bayan ka gaya wa matarka, ka riƙa miƙa mata wayar da ƙarfe goma ta ajiye a wani ɗakin. Ka roƙi maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a da ya riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa in zai wuce masallaci. Ka je ko a sahun ƙarshe ne, ko raka'a ɗaya ka samu. Kada ka jira sai ka ji daɗin sallar ya dawo kafin ka koma, ka kai jikinka tukuna, zuciyar za ta biyo a hankali.

Allah Ya yaye maka, Ya biya maka, Ya ƙara wa Inna lafiya. Ka sake rubuto mini nan da wata guda. Ina son in ji abin da likita ya ce, da abin da maiɗakinka ta ce, da kuma ko yaron ya koma fitowa in ya ji ƙarar babur.